Salon Maganar Turanci a Jarrabawar Gasa

Salon maganar Turanci, wanda masu harshen ke kira *idiom*, tarin kalmomi ne da suka daɗe suna tafiya tare har suka ɗauki ma'anar da ba a samunta idan aka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan: idan aka ce wane yana da dogon hannu, ba wanda zai ɗauko ma'auni, kowa ya san ɓarawo ake nufi. Haka Bature kan ce *kick the bucket* yana nufin mutuwa, alhali kalmomin na cewa shure bokiti ne. Salon magana ya bambanta da karin magana. Karin magana cikakkiyar jimla ce mai ɗauke da hikima, shi kuwa salon magana guntu ne da ake sakawa a cikin jimla. Saboda ba a iya cinkar ma'anarsa daga kalmominsa, hukumomin jarrabawa a ƙasashe da dama sun mai da shi ma'aunin sanin harshe.

Inda ake tambayarsa

A Najeriya, hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga manyan makarantu. Turanci dole ne ga kowane ɗalibi, kuma yana da tambayoyi 60 daga cikin 180 da ake amsawa a kwamfuta cikin awa 2. Idan aka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya, ba lokacin dogon nazari. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma take aiki a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, tana da sashe a takardar Turanci inda ake kawo jimla a jera fassarori a ƙarƙashinta, a ce ɗalibi ya zaɓi wadda ta fi dacewa. A nan ne salon magana ya fi yin kaka-gida. Hukumar NECO ta Najeriya, da aka kafa a 1999, ta bi kusan wannan tsari.

A Indiya abin ya zama babbar sana'a. Hukumar SSC, mai ɗaukar ma'aikatan gwamnatin tarayya tun 1975, tana yin jarrabawar masu digiri wadda matakinta na farko ke da tambayoyi 100 cikin minti 60, kuma 25 daga ciki na Turanci ne. Amsa daidai maki 2 ce, kuskure kuwa ana zaftare rabin maki, don haka canki-canka na da tsada. Wannan ne ya haifar da littattafai da darussan intanet barkatai masu jera ɗaruruwan salon magana da ma'anoninsu, waɗanda har ɗaliban Afirka kan ci karo da su idan suna bincike.

Asalinsu

Da yawa daga cikin waɗanda aka fi tambaya suna da tarihi sananne, kuma wanda ya san labarin da wuya ya manta ma'anar. Littafin Baibul, musamman fassarar Sarki James ta 1611, ya bar wa Turanci *wash one's hands of*, wato zare hannu daga wani al'amari, daga labarin Bilatus, gwamnan Romawa, da ya wanke hannunsa a gaban taro. Daga can ne kuma *at the eleventh hour* ta fito, ma'ana a ƙurarren lokaci. Tatsuniyoyin Girkawa da ake jingina wa Aesop su ne tushen *the lion's share*, kaso mafi tsoka, da *sour grapes*, kushe abin da mutum ya nema ya rasa, kamar yadda dabbar da ke cikin tatsuniyar ta ce inabin da ta kasa cimmawa ai dama mai tsami ne.

Yaƙi ma ya ba da nasa. Sa'ad da Julius Caesar, jagoran yaƙin Romawa, ya ƙetare kogin Rubicon da dakarunsa a shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, ya san ba komawa baya, shi ya sa *cross the Rubicon* ke nufin ɗaukar matakin da ba a janyewa. *Meet one's Waterloo*, shan kayen da ba a tashi daga gare shi, tana tuna faɗuwar Napoleon, sarkin Faransa, a yaƙin Waterloo a 1815.

Mafi daɗin labari ita ce *Hobson's choice*. Thomas Hobson mai ba da hayar dawaki ne a garin Kambirij na Ingila, ya rasu a 1631. Don kada a riƙa wahalar da zaɓaɓɓun dawakinsa su kaɗai, sai ya kafa doka: duk wanda ya zo haya, ya ɗauki dokin da ke kusa da ƙofa ko ya tafi hannu rabbana. Ma'anar ke nan har yau, zaɓin da ba zaɓi ba ne. Ɗalibi kan ga kalmar *choice* ya ruga ga amsar da ke cewa zaɓi mai wuya tsakanin abu biyu, kuma masu tsara tambaya sun san da haka, shi ya sa sukan ajiye masa ita a jerin amsoshi.

Tarkon fassara kalma da kalma

Yawancin tambayoyin suna da gini iri ɗaya: amsa ɗaya daidai, ɗaya ta bi kalmomin a zahirinsu, sauran kuma sun yi kusa da ma'anar ba su kai ba. A ɗauki jimlar *The chairman was only pulling Musa's leg*. Wata amsa za ta ce shugaban ya ji wa Musa ciwo a ƙafa. Wannan ta zahiri ce, kusan kullum ita ake fara jefarwa. Wata za ta ce shugaban yana ɓata wa Musa lokaci, kuma a nan ne Bahaushe ke zamewa, domin a harshensa jan ƙafa jinkiri ne. Amsar gaskiya ita ce zolayarsa yake yi. Jan ƙafa irin namu, *drag one's feet* Bature ke ce masa. Kalmomin sun yi kama, amma ma'ana ta yi gabas, ɗalibi ya yi yamma.

Amma harshen uwa ba kullum yake kai mutum ya baro ba. Sau da yawa shi ne tsani mafi sauƙi. *Make a mountain out of a molehill* ita ce mai da allura garma. *Between the devil and the deep blue sea* kuwa gaba kura baya sayaki. *Let the cat out of the bag* fasa ƙwai ne, *out of the frying pan into the fire* an gudu ba a tsira ba, *beat about the bush* kewaye-kewaye. Wanda ya ɗaure kowace da takwararta ta Hausa ya fi wanda ya haddace bayanin ƙamus riƙe ta, don takwarar tana zuwa da yanayinta. Misali, *kick the bucket* ta fi kusa da ya sheƙa barzahu, ba ya riga mu gidan gaskiya ba. Ba a faɗarta a wurin ta'aziyya. Dogayen jerin haddar da ake sayarwa ba su cika faɗin wannan ba, kuma babbar kasawarsu ke nan.

Ƙayyadadden gini

Salon magana ba ya son a taɓa shi. Ba a canza masa kalma da mai kama da ita, wasu ma ba a juya tsarin jimlarsu: idan aka ce *the bucket was kicked*, magana ta koma kan bokiti na gaske. Ƙananan kalmomi su ma suna da nauyi, domin *look after* kula ne, *look into* bincike, *look down on* raini.

Wannan ya shafi ɗan Najeriya ta wata fuska dabam. Turancin ƙasar ya sake wa wasu salon magana fasali, har sun zauna daram a bakin malamai da 'yan jarida. Ana cewa *cut your coat according to your size*, alhali a daidaitaccen Turancin Ingila *cloth* ce a ƙarshe, wato a yanka riga gwargwadon yadin da ake da shi, ba gwargwadon jiki ba. Ana kuma yi wa mai ƙoƙari addu'a da *more grease to your elbow*, inda Baturen Ingila zai ce *more power to your elbow*. A hira ba wanda zai ɗaga gira, masana harshe ma suna lissafa su cikin siffofin Turancin Najeriya. A ɗakin jarrabawa dai na Ingilar ake ba maki, kuma idan aka bar gurbi a jimla aka ce a cike, ba mamaki a tarar da *size* da *cloth* suna maƙwabtaka a jerin amsoshi.