Waiwaye: Daga Ƙidayar Shekaru Zuwa Auna Iyawa a Horon Ƙwararrun Likitocin Yara

A Amurka, likitan da yake son ƙwarewa a kan zuciyar yara, ko ƙodarsu, ko kula da bakwaini, sai ya yi shekara 3 yana koyon likitancin yara gaba ɗaya, sannan a yawancin rassa ya ƙara wasu 3. An daɗe abin da ake nema kafin a yaye shi bai wuce cika wa'adi, da shaidar shugaban horo, da cin jarrabawa ba. Tushen wannan tsari yana cikin gyaran da ya biyo bayan rahoton Abraham Flexner na 1910, wanda ya ɗora karatun likita a kan kimiyya da ƙayyadaddun shekaru, kuma a kansa Hukumar Tantance Likitocin Yara ta Amurka, wato ABP, ta ginu tun kafuwarta a 1933, har ta fara ba da shaidar reshen zuciya a 1961. An ɗauka cewa wanda ya daɗe a gaban malamai dole ya iya, alhali kowane malamin asibiti ya san mutum biyu kan shiga rana ɗaya su fita rana ɗaya, ɗaya a bar masa ɗakin jarirai cikin dare a je a kwanta, ɗayan kuwa sai malami ya kwana da waya a gefen matashi.

Shakku a kan ƙidayar shekaru ba na jiya ba ne. A 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafi a kan gina manhajar likitanci bisa abin da ake so ɗalibi ya iya, a 1990 kuma masanin koyar da likitanci George Miller ya zana dalarsa mai hawa huɗu, wadda ta raba sani, da sanin yadda ake yi, da nunawa, da aikatawa a kan mara lafiya na gaske. Kanada ta amince da tsarinta na CanMEDS, mai fayyace abubuwan da ake so likita ya iya, a 1996. A 1999, shekarar da wani rahoto ya ƙiyasta cewa kurakuran asibiti suna kashe Amurkawa 44,000 zuwa 98,000 duk shekara, hukumar da ke sa ido kan horon likitoci, ACGME, ta ayyana fannoni shida da dole likita ya iya, waɗanda suka haɗa da kula da mara lafiya, da ilimin likitanci, da iya magana da mutane, da ɗa'ar aiki.

Sai dai faɗin fannonin ya fi auna su sauƙi, domin malamin da aka miƙa wa takarda a ƙarshen wata ya ba da maki a kan ɗa'ar aiki yakan zagaye lamba mai tsoka ya wuce. Likitocin yara suna cikin waɗanda suka fara neman mafita. Ƙarƙashin jagorancin likitar yara Carol Carraccio, daga 2009 aka soma rubuta matakan ci gaba, wato bayanin yadda ɗan koyo yake aiki da yadda gwani yake yi a kowane fanni, kuma daga 2013 aka ɗora wa kowace cibiyar horo kafa kwamitin malamai da zai zauna sau biyu a shekara ya faɗi matakin da kowa ya kai. Rassan ƙwarewa sun biyo baya, amma da mudu ɗaya aka riƙa auna mai koyon ciwon sukarin yara da mai koyon farfaɗo da jarirai, sai a 2023 kowane reshe ya samu nasa.

Abin da ya fi kama hankalin malamai shi ne shawarar da Olle ten Cate na Utrecht a ƙasar Holan ya kawo a 2005, cewa a mayar da tambayar kan aikin kansa: shin wannan aiki na yarda in sakar masa shi, kuma da wane irin sa ido? Wannan tambaya ce da malami yake yi wa kansa kullum ko ba a ba shi takarda ba. Idan aka haifi bakwaini yana fama da numfashi, malamin da ya tsaya a kan ɗan koyo yana kallon yadda yake zura bututu a maƙogwaron jaririn ya riga ya yanke hukunci, haka ma wanda ya ce a yi a kira shi idan abu ya cije. Da farko ABP ta tsara irin waɗannan ayyukan amana, da ake kira EPA, guda 17 ga likitancin yara gaba ɗaya, da guda 7 da duk rassa suka yi tarayya a kansu, kamar ba wasu likitoci shawara, da miƙa mara lafiya ga wanda ya karɓi aiki, da jagorantar ma'aikatan jinya da sauran abokan aiki, ban da waɗanda kowane reshe ya keɓanta da su. Ma'aunin mai hawa biyar ne, daga mai buƙatar a tsaya a kansa zuwa wanda ba ya buƙatar kowa.

Gamayyar masu bincike kan horon rassan likitancin yara, wato SPIN, wadda Richard Mink ya jagoranta, ta gwada ma'aunin a cibiyoyi da dama, sai ta gano abin da tsohon tsari ya lulluɓe: da yawa daga masu kammala horo ba su kai hawa na ƙarshe ba, kuma shugabannin horo da yawa ba su ɗauki kaiwa can sharaɗin yayewa ba. A ganina wannan ita ce babbar ribar sauyin, ko da yake ba mai daɗin ji ba ce, domin ta tilasta a amsa cewa sabon ƙwararre yana buƙatar babba a kusa da shi a farkon aikinsa.

Tsarin yana da nauyinsa. A Kanada, inda aka fara aiwatar da shi a faɗin ƙasa a 2017, likitoci masu koyo sun koka cewa farautar malamai su cike musu takardu ta zama wani aikin na daban. Kalanda ma ba ta sauka daga mulki ba, tunda asibitoci sun dogara da masu koyo wajen cike jadawalin aiki. Wani gwajin horo da ake kira EPAC a jami'o'in Minnesota, Colorado, Utah da California a San Francisco ya nuna ana iya ɗaga ɗalibi zuwa horon likitancin yara da zarar ya shirya, amma ɗalibai kaɗan ya shafa. A 2023 Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka, ganin yadda wasu rassa suke rasa masu shiga, sun ba da shawarar a gwada horon shekara 2 ga masu niyyar aikin asibiti zalla, ABP kuma ta sa 2028 a matsayin shekarar da ayyukan amana za su shiga cikin sharuɗɗan ba da shaidarta.