Tambayoyi kan ciyawar da ke lalata hantar tumaki

Wai da gaske ciyawa tana iya kashe tunkiya?

Eh, da gaske ne, kuma ba ciyawar banza ba, wadda mutane ke shukawa da hannunsu domin kiwo. Wadda ta fi yin suna a wannan ɓarna ita ce Brachiaria decumbens, a taƙaice birakiyariya. Asalinta daga gabashi da tsakiyar Afirka ne, aka kai ta Ostareliya da Birazil da Malesiya saboda tana jure ƙasa mara ƙarfi, tana yaɗo ta rufe fili, ko an kiwata ƙasa-ƙasa ta sake tsirowa. Shanu manya galibi suna cin ta lafiya lau. Tumaki kuwa su ta fi bugewa, musamman 'yan ƙanana da kuma waɗanda aka kawo daga wani wuri ba su taɓa cin ta ba.

Mene ne a cikinta da ke jawo haka?

Wani sinadari ne da ake kira safonin, irin wanda ke sa ruwa kumfa in an kaɗa shi. Tunkiya ta ci, ƙwayoyin da ke tumbinta su sarrafa shi, ya wuce hanta, a can sai ya daskare ya zama ƙananan tsakuwa kamar gishiri a cikin siraran hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi. Hanya ta toshe, ruwan ya koma baya, hanta ta kumbura ta fara lalacewa. Da can masana sun daɗe suna ɗora laifin a kan wata fumfuna da ke fitowa a mataccen ganye, don ita ce ke jawo irin wannan cuta a Niyu Zilan, amma sai aka riƙa samun tumaki suna kamuwa a filayen da fumfunar ba ta da yawa ko babu ita sam, daga nan hankali ya koma kan ita ciyawar kanta.

To ina ruwan hanta da fatar da ke saɓulewa?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Koren da ke cikin ganye idan ya narke a tumbi yana barin wani abu da ake cewa filo'eritirin, lafiyayyar hanta tana tace shi ta fitar ta matsarmama ba wanda ya sani. In hantar ta gaza sai ya taru a jini ya iso fata, rana na dukan wurin sai ya ƙone daga ciki. Shi yasa za ka ga kunnuwa sun kumbura sun yi laɓɓa, fuska ta haye, fatar ido da leɓe da hanci sun tsattsage suna ɓawo, dabbar tana ta girgiza kai tana goga fuska a jikin bishiya tana neman inuwa kamar wadda ake kora. Inda fata take fara ko gashi ba yawa, nan ya fi ci. Mai tumaki yakan ɗauka ƙazuwa ce ya yi ta shafa magani a kunne, alhali gobe ma filin nan zai mayar da su.

Wace alama ce ke nuna hantar ce?

Ɗaga fatar idon ka duba, ka buɗe baki ka kalli dasashi. In sun yi rawaya to shawara ce. Fitsari ya yi duhu, ta daina ci ta daina tuƙa, tana ramewa. In abin ya yi nisa har tangaɗi take yi ko ta tsaya ta dafa kai a bango, don dattin da hanta ta kasa tacewa ya kai ƙwaƙwalwa. Likitan dabbobi zai ɗebi jini ya tabbatar, kuma ya bambanta da tsutsar hanta ko gubar tagulla, su ma suna taɓa hanta.

Akwai magani?

Allurar da za ta karya gubar babu. Abin yi na farko a kwashe garken gaba ɗaya daga filin, ba mai ciwon kaɗai ba, sauran ma sun ci. A kulle marasa lafiyar a inuwa sosai, in ya kama su yi kiwo to da dare, a ba su busasshen abinci na wata ciyawar da ruwa isasshe, a rage ɗanyen ganye tukuna. Gyambon a wanke a kare shi daga ƙuda kada ya yi tsutsa, likita ya ba da maganin ƙwayoyin cuta in ya ga dama. Wadda aka gano da wuri takan tashi, wadda hantarta ta riga ta tafi kuwa sai dai haƙuri.

Kenan a daina shuka ta?

Ni ban ce ba. A dai daina barin tumaki a kanta ita kaɗai, a cakuɗa da wasu ciyayi, baƙin tumaki a shigar da su kaɗan-kaɗan ana lura, 'yan ƙanana kuma a nisanta su. Shanya ta a ajiye yana rage safonin ɗin. Sannan ba ita kaɗai ba ce, wasu ciyayi dangin Panicum suna yi, tsidau ma yana yi, a Afirka ta Kudu har sun raɗa wa cutar da yake jawowa suna mai nufin kumburarren kai mai rawaya.