Sister Rosetta Tharpe, matar da ta fito da kiɗan rok daga coci: tambayoyi da amsoshi

In aka ce kiɗan rok an rol, hoton da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne saurayi Bature da jita rataye a wuya, yana karkaɗa ƙafa. Amma tun Elvis Presley yana ɗan shekara uku, wata baƙar fata 'yar coci ta riga ta shiga ɗakin ɗaukar murya a New York ta buga abin da daga baya za a raɗa wa wannan suna. Sunanta Sister Rosetta Tharpe.

Wace ce ita, daga ina ta fito?

An haife ta ranar 20 ga Maris, 1915, a wani ƙaramin gari mai suna Cotton Plant a jihar Arkansas, kudancin Amurka. Sunan garin ma ya gaya maka sana'ar mutanensa: noman auduga. Iyayenta aikin tsinkar auduga suke yi. Mahaifiyarta, Katie Bell Nubin, mai wa'azi ce kuma mawaƙiya, tana kaɗa mandolin, wani ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya. Tun Rosetta tana 'yar shekara shida take bin uwarta wuraren wa'azi, tana waƙa tana kaɗa jita. A shekarun 1920 suka koma Chicago, kamar dubban baƙaƙen fatan da suka yi ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa don neman abinci da gudun wulaƙanci.

Sunan Tharpe na mijinta na farko ne, wani mai wa'azi da ta aura a 1934. Auren bai yi ƙarko ba, sunan dai ya bi ta har kabari. Ita kuwa kalmar Sister, 'yar'uwa ke nan, haka 'yan cocinsu ke kiran junansu.

A ina ta koyi irin wannan kiɗa mai zafi, tunda a coci ta tashi?

Ai a cocin ta koya. Ɗarikar da uwarta take bi ita ce Church of God in Christ, wadda Charles Harrison Mason ya kafa, mai hedkwata a Memphis. Ibadarsu ba ta zama shiru ba ce. Suna tafi, suna buga ƙasa da ƙafa, suna rawa, mai ja baƙi ya ja, jama'a su yi amshi, har wani ya faɗi. A lokacin da wasu coci-coci na baƙaƙen fata ke kallon jita da ganga da kakaki a matsayin kayan shaiɗan, su sun ce duk abin da zai yi ƙara a yabi Ubangiji da shi. Sun kuma bar mata su yi wa'azi su koyar, ko da yake ba sa naɗa su shugabancin coci. Don haka yarinya mace da jita a gaban taro ba abin mamaki ba ne a wurinsu.

A cikin ɗarikar akwai wata makauniya mai kaɗa piyano, Arizona Dranes, wadda ta yi faifai tun 1926. Tana dukan piyano ne irin yadda ake dukansa a mashaya, amma kalmomin na ibada. Duk wanda ya saurari Dranes sannan ya saurari Rosetta zai ji inda aka ɗebo: yadda ake furta kowace kalma garau, da yadda ake tura waƙa gaba kamar ana korar ta.

Sauran kuma Chicago ta ƙarasa. Birnin cike yake da makaɗan buluz da na jaz da suka taso daga kudu. A gaban jama'a waƙar ibada take yi, amma kunnenta ba a toshe yake ba. Akwai kuma Thomas A. Dorsey, wanda ya fara da waƙoƙin buluz na batsa kafin ya tuba ya koma rubuta waƙoƙin bishara, har aka riƙa ce masa uban wannan fanni. Waƙarsa ce ta zama tsanin Rosetta.

Yaya aka yi ta shahara?

A 1938 ta bar mijinta ta tafi New York tare da mahaifiyarta. Ranar 31 ga Oktoba ta ɗauki waƙoƙi huɗu wa kamfanin Decca, ita da jitarta kawai. Ɗaya daga ciki ita ce "Rock Me", wato jijjiga ni, wadda asalinta waƙar Dorsey ce ta roƙon Allah ya rungumi bawansa. Sai dai yadda ta ja kalmar ya sa mai sauraro ya rasa gane ko jijjigar da uwa ke yi wa jariri take nufi, ko kuwa wata jijjigar ta manya. Faifan ya yi kasuwa.

Kafin shekarar ta ƙare ta hau dandalin Cotton Club, gidan rawar da baƙaƙe ke nishaɗantar da Turawa, tare da mawaƙin jaz Cab Calloway. A Disamba kuma ta yi wasa a zauren Carnegie Hall, a taron da mai shirya faifai John Hammond ya shirya mai suna From Spirituals to Swing. Cikin 'yan watanni 'yar wa'azin bakin titi ta zama tauraruwa.

'Yan cocinsu sun yarda da wannan?

Ina fa! Da yawansu sun ga ta sayar da lahira ta sayi duniya. Waƙar ibada a gidan da ake shan giya, 'yan mata na rawa rabin jiki a waje? Abin ya ƙara tsami a 1941 lokacin da ta shiga ƙungiyar makaɗan Lucky Millinder, inda ta rera har da waƙar neman dogon saurayi siriri, wadda ko da wasa ba za a ce ta ibada ba ce. A ɗaya gefen ga Mahalia Jackson, wadda ta ƙi yarda ta yi waƙar duniya ko ta shiga gidan rawa, kuma masu ibada suka ɗauke ta abar koyi.

Ni a nawa ganin, Rosetta ba ta taɓa ɗaukar kanta wadda ta bar coci ba. Hujjarta ita ce mai wa'azi wurin masu zunubi yake zuwa. Ko ka karɓi hujjar ko ka ce wayo ne na mai neman kuɗi, abin da ya tabbata shi ne bayan ta rabu da Millinder ta koma kan waƙoƙin bishara, kuma a kansu ta ƙare rayuwarta. Duk da haka tabon bai goge ba. Ta sha suka a wurin 'yan coci, su kuma masu rubuta tarihin rok daga baya suka ce ai 'yar coci ce, ba tasu ba. Ba ta ga tsuntsu, ba ta ga tarko.

Da gaske ne ita ta yi faifan rok an rol na farko?

Masu wannan magana suna nufin "Strange Things Happening Every Day", wato abubuwan al'ajabi na faruwa kullum, wadda ta ɗauka a 1944 tare da mai piyano Sammy Price. A 1945 ta kai mataki na biyu a jerin faifan baƙaƙen fata na mujallar Billboard, abin da waƙar ibada ba ta saba yi ba. Saurare ta yau: piyano na gudu, ganga na riƙe da taki, jita na amsa wa murya. In ka cire kalmomin, ba abin da ya raba ta da abin da aka riƙa bugawa a rediyo shekara goma bayan nan.

Amma neman "faifai na farko" wahalar da kai ne. Wasu na cewa "Rocket 88" ne na 1951, wasu na cewa faifan Elvis na farko ne a kamfanin Sun a 1954. Kiɗa ba ya da ranar suna. Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne duk wanda ka zaɓa a cikinsu, ita ta riga shi.

Me ya bambanta kiɗan jitarta?

Yawancin mawaƙan zamanin sharar jita suke yi don ta raka murya. Ita tsinkar tsirkiya take yi ɗaya bayan ɗaya, da sauri, ta lanƙwasa sautin, ta bar waƙa ta ba jita fili ta yi magana. Da farko jita mai jikin ƙarfe take kaɗawa don ƙararta ta ratsa taro. Da ta koma ta lantarki a shekarun 1940, sai ta riƙa ƙure lasifika har sautin ya yi kaushi, irin kaushin da daga baya ya zama tambarin rok. Ga kuma wasa da jiki: ta ɗaga wuyan jitar sama, ta taka, ta zare ido, duk a cikin doguwar riga da takalmi mai tsini.

Yabon da aka fi yi mata shi ne wai tana kaɗawa kamar namiji. Yabo ne mai ban dariya, don mazan ne suka zo suka tarar da ita.

Su wa suka ɗebi ilimi a wurinta?

Little Richard, wanda daga baya ya zama gwanin rok an rol, yana yaro ɗan shekara 14 a garin Macon na jihar Georgia ta ji shi yana waƙa kafin wasanta, a 1947. Ta kira shi ya hau dandali, kuma ta biya shi. Ya sha faɗin cewa ita ce gwanarsa. Mawaƙi Johnny Cash ya ambace ta a jawabinsa ranar da aka shigar da shi zauren karrama gwanayen rok an rol a 1992. Jerry Lee Lewis ya rera waƙarta ta 1944 ɗin nan. Elvis ya saka "Up Above My Head" a shirinsa na talabijin na 1968, waƙar da Rosetta ta shahara da ita tare da abokiyar waƙarta Marie Knight, wadda suka haɗu a 1946. Su ma Jordanaires, mawaƙa Turawa da suka zama 'yan amshin Elvis, sun yi aiki da ita kafin su san shi.

Wannan yawon da suka yi tare yana da nasa ɗacin. A kudancin Amurka na lokacin, otal da gidan abinci ba sa karɓar baƙar fata. Sai ta tanadi motar bas da sunanta a jiki, a ciki ake kwana, a ciki ake sa kaya. Ita ce mai cika zaure, amma sai wani farar fata ya shiga ya sayo mata abinci.

Wai a filin wasa aka ɗaura mata aure?

Ƙwarai. Ranar 3 ga Yuli, 1951, a filin Griffith da ke Washington, ta auri Russell Morrison, mijinta na uku. Mutum fiye da 20,000 suka sayi tikiti. Bayan ɗaurin aure amarya ta ɗauki jitar lantarki a cikin farar rigarta ta yi wasa, aka rufe da wasan wuta, Decca kuma ya fitar da bikin a faifai. Dabarar 'yan kasuwar shirya taro ce, ba shakka. Amma cika filin ƙwallo da kiɗa, abin da ake yi wa ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles kirari da shi a 1965, mace ɗaya ta yi shi shekara 14 kafin su.

Mene ne labarin tashar jirgin ƙasa ta Manchester?

Da kasuwarta ta fara sanyi a Amurka, Turai ta buɗe mata ƙofa. Makaɗin jaz Chris Barber ya gayyace ta Ingila a 1957. A 1964 ta dawo cikin ayari ɗaya da makaɗan buluz Muddy Waters da Sonny Terry da Brownie McGhee, gidan talabijin na Granada ya shirya ɗaukar su a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita a kudancin Manchester.

An yi wa tashar ado kamar ƙauyen kudancin Amurka, har da kaji da akuya. 'Yan kallo, yawancinsu samari da 'yan mata Turawa, suna zaune a dakalin tsallake, layin dogo a tsakani. Sai sama ta ɓalle da ruwa. Can sai ga keken doki ya kawo wata mata mai shekara 49, cikin babban kwat mai haske. Aka riƙe mata hannu ta sauko, ta tako a hankali kan jiƙaƙƙen dakali, ta rataya farar jitarta ƙirar Gibson. Waƙar da ta fara da ita ita ce "Didn't It Rain", waƙar ruwan ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. Ruwa kwance a ƙarƙashin ƙafarta, wayar lantarki a jikin jitar, ita ko a jikinta. Bidiyon yana nan a YouTube, kuma shi ne ya gabatar da ita ga da yawa daga cikin waɗanda suka san ta a yau. Wanda bai taɓa ganinta ba, daga nan ya kamata ya fara.

To me ya sa aka manta da ita?

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Da rok ya zama babbar kasuwa a tsakiyar shekarun 1950, kamfanoni samari suke nema su sayar wa matasa Turawa. Ita kuwa mace ce, baƙa, ta haura 40, kuma Yesu take ambato. A 1970 ta sami shanyewar jiki, aka kuma yanke mata ƙafa ɗaya saboda ciwon suga. Ta rasu ranar 9 ga Oktoba, 1973, a Philadelphia, tana da shekara 58, ana gobe za ta shiga ɗaukar sabon faifai. Kabarinta ya yi shekara fiye da 30 ko dutsen shaida babu.

A hankali aka dawo kanta. Hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonta a 1998. Gayle Wald ta wallafa tarihin rayuwarta a 2007. A 2008 aka yi taron kiɗa aka tara kuɗin dutsen kabarin. Zauren karrama gwanayen rok an rol da ke Cleveland, wanda ya shigar da Elvis da Little Richard da Jerry Lee Lewis tun zubin farko a 1986, bai kai gare ta ba sai 2018. A daren, mawaƙiya Brittany Howard ce ta gabatar da ita, sannan ta ɗauki jita ta rera "That's All", ɗaya daga cikin waƙoƙi huɗun nan na 1938.