Sassauta naci kan buri wajen gyara lafiya

Sassauta naci kan buri dabara ce da masana halayyar ɗan Adam ke bayani a kanta game da sauya ɗabi'un da suka shafi lafiya, kamar rage ƙiba, barin sigari ko fara motsa jiki. Ma'anarta shi ne mutum ya rage ƙura wa sakamakon ƙarshe ido, misali kilo nawa zai zubar kafin wata rana, ya mayar da hankalinsa kan abin da zai iya yi a kowace rana: abin da ya ci, tafiyar da ya yi, lokacin da ya kwanta. Burin yana nan, sai dai ba a mayar da shi ma'aunin da za a riƙa yanke wa kai hukunci da shi safe da yamma.

Matsalar karya doka sau ɗaya

Babban dalilin da ya sa masana suka kula da wannan batu shi ne abin da ke faruwa idan mai tsananta wa kansa ya yi tuntuɓe. A 1975, C. Peter Herman da Deborah Mack sun yi wani gwaji da ɗalibai mata a Amurka. Sun ba wasunsu madara mai zaƙi da aka kaɗa, sannan aka ajiye musu askirim da sunan su ɗanɗana. Waɗanda ba sa takura kansu a cin abinci, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, domin sun ƙoshi. Masu takura kansu kuwa, bayan sun sha madarar sai suka ƙara yawan abin da suka ci. Tunaninsu ba shi da wuyar ganewa: "tunda na riga na karya, bari kawai in ci." Herman da Janet Polivy sun ci gaba da nazarin wannan hali a Jami'ar Toronto ta Kanada, kuma su ne suka yi bayani kan yadda mutane ke sake ɗaukar alkawarin rage ƙiba sau da yawa da tsammanin da ya wuce kima, su kasa, su sake ɗauka.

G. Alan Marlatt, wanda ya yi aiki kan masu ƙoƙarin barin giya da sigari, ya ga irin wannan. Wanda ya ɗauki "ko sau ɗaya ba zan ƙara ba" a matsayin sharaɗin nasara, idan ya zuƙi kara guda, yakan ɗauka shi ke nan ya faɗi, sai ya koma ruwa tsundum. Wanda ya ɗauki wannan karan a matsayin kuskuren rana ɗaya ya fi samun damar ci gaba da ƙoƙarinsa washegari.

Abin da jiki ke ji

Carsten Wrosch na Jami'ar Concordia da ke Montreal ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke iya sakin burin da ba zai cimmu ba. A wani bincike da suka fitar da Gregory Miller a 2007, sun bi 'yan mata matasa 90 na tsawon shekara guda. Waɗanda ke wahalar haƙura da burin da ya gagara an ga wani furotin da ke nuna kumburi a cikin jiki yana ƙaruwa a jininsu. Binciken ƙarami ne, bai isa a gina hukunci a kansa shi kaɗai ba, amma ya nuna cewa naci kan abin da ya gagara yana da kuɗinsa.

Ɗabi'a tana ɗaukar lokaci

Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da kowannensu ya zaɓi wata sabuwar ɗabi'a, kamar shan ruwa lokacin cin abinci ko gudu kafin abincin dare. A tsaka-tsaki, sai da kwana 66 kafin abin ya zama jiki, amma wasu kwana 18 ya ishe su, wasu kuma lissafi ya nuna za su kai kwana 254. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Mai sa wa kansa wa'adin makonni uku ke nan ya sa ranar da yawanci ba za ta cika ba.

Ko adadin taku 10,000 a rana da agogunan zamani da wayoyi ke nunawa, asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965. Binciken I-Min Lee na 2019 a kan mata tsofaffi a Amurka ya gano cewa masu yin kimanin taku 4,400 sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mutuwa, kuma amfanin ya daidaita a wajen taku 7,500. Wanda ya yi 6,000 ya kwanta da takaicin bai cika dubu goma ba, takaicin banza yake yi.

Iyakar dabarar

Akwai inda lamba ke da amfani, musamman ga mai ciwon suga ko hawan jini, wanda likita ke bibiyar awonsa. Ko a nan ma, burin da ya yi aiki matsakaici ne. A shirin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002, an nemi mahalarta su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su yi motsa jiki na minti 150 a mako. Haɗarin kamuwa da ciwon suga a cikinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, duk da cewa kusan rabinsu ne kawai suka kai ga rage wannan kashi 7 ɗin a watanni shida na farko.