Waiwaye: Tun faɗuwar gyaɗa ɗan ci-ranin Damagaram ya rasa madogara

Duk sa'ad da motocin da ke kwaso 'yan uwanmu daga Assamaka, garin kan iyaka inda ake sauke waɗanda aka koro daga Aljeriya, suka iso Damagaram, gardama kan sake tashi a gidajen rediyo da fadojin matasa, kuma ba a jimawa sai a koma kan zamanin korona. Wasu na cewa an wulaƙanta 'yan ci-rani a lokacin, wasu na cewa annoba ce ta zo wa kowa ba shiri. Amma abin da ya same su a 2020 ya daɗe yana tafe.

Tafiya biɗa tsohuwar al'ada ce a nan. Ayarin fatake sun bi hanyar Kano da Agadas tun zamanin kakanni, harajin mulkin Faransa kuma ya ƙara tura mutane kudu. Sai dai ɗan ci-ranin wancan lokaci rani kawai yake ci a waje: ya tafi bayan girbi, da hadari ya fara haɗuwa ya juyo gida.

Abin da ya riƙe shi a gida gyaɗa ce. A shekarun 1960 ita ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga kayan da take fitarwa, kuma ƙasar Magarya da Matamaye da Kance na cikin cibiyar nomanta. Idan aka buɗe kasuwar gyaɗa, manomi kan kai buhunansa kan sikeli, ya biya haraji, ya yi wa iyali sutura, ya aurar da ɗa. Mata su fitar da mai su toya ƙuli-ƙuli, bisashe su samu harawa. Mai irin wannan rufin asiri, in ya je Kano aiki ya ga ladan bai yi masa ba, yana iya ɗaukar jakarsa ya dawo.

Farin 1973 da 1974 ya raunana gonakin, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta bi su tun daga nan har arewacin Najeriya. Iri ya yi wuya, mutane suka koma ga gero da wake. A lissafin ƙasa, yuraniyom ɗin Arlit da aka fara haƙowa a 1971 ya cike gurbin, amma a rumbun ƙauye babu abin da ya cike shi. Gero na kashe yunwa, ba ya kawo kuɗin magani ko na aure, gonaki kuma sai tsukewa suke wajen rabon gado. A daidai shekarun nan kuɗin man fetur ya buɗe guraben aiki a Najeriya da Libiya. Daga nan ci-rani ya zama shi ne gonar kuɗi, mai tafiya kuwa ba shi da bakin ciniki. Ga-ruwa, gadi, leburanci, sayar da shayi, duk da baki ake shiryawa, babu takarda, kuma sau da yawa ladan na zaune ajiya a hannun maigida sai ranar komawa.

Korar baƙi daga Najeriya a 1983 da yaƙin Libiya na 2011 sun dawo da dubbai hannu rabbana. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu 'yan yankin Kance. Daga ƙarshen 2014 aka fara dawo da 'yan Nijar daga Aljeriya ayari-ayari.

A haka korona ta riske su. Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Nijar, a makon kuma aka rufe iyakoki. Da aka hana fita a biranen da suke aiki, mai cin guminsa na yini ya wayi gari babu aiki, babu sallama, sunansa ba ya cikin kowane rajista da za a bi a kai masa tallafi. Waɗanda suka ratso ta barauniyar hanya da almajiran da aka maido daga jihohin arewacin Najeriya sun sha killacewar kwana 14, sun kuma sha kallon masu kawo cuta a garuruwansu. Abin ya faɗo ne gab da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gida ke jiran aike don sayen iri da hatsi. Wanda ya baro ladan watanni a hannun maigida ba shi da wata shaida da zai nuna ya nemi haƙƙinsa, ba shi da ƙungiyar ƙwadagon da ta san da shi. Da hanyoyi suka buɗe, da yawa sun koma ayyukan nan bisa yarjejeniyar baka irin ta da.