Wa ya ce yau ranar cakulan ce? Tambayoyi da amsoshi kan ranakun abinci da asalin kayan zaƙi

Duk mai hawa intanet ya saba wayar gari ya ga an cika shafuka da hoton wani abin ci, ana cewa "yau ranarsa ce a duniya". Gobe ma a ce ta wani ce. Kayan zaƙi ne suka kwashi kaso mafi tsoka a cikin ranakun nan, kuma kowane da labarin da ake jingina masa na yadda aka fara yinsa.

Wai da gaske akwai hukumar da ta ware waɗannan ranaku?

Kaɗan ne daga ciki. Ranar Abinci ta Duniya, 16 ga Oktoba, ta Hukumar Abinci da Aikin Gona ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma an zaɓi ranar ne don ita ce ranar da aka kafa hukumar a 1945. Ita ce kuma ta fito da Ranar Madara, 1 ga Yuni, a 2001. Ranar Shayi, 21 ga Mayu, babban zauren Majalisar ne ya amince da ita a 2019. Waɗannan suna da takarda da sa hannu.

Ranar cakulan kuwa, da ta donat, da ta biskit, da ta alewar auduga, babu wata majalisar ƙasashe da ta zauna a kansu. Yawancinsu a Amurka aka haife su da sunan "ranar ƙasa", sai intanet ta tsallaka da su, a hanya sunan ya koma "ranar duniya". Ba a tashi daga aiki, ba a rufe makaranta. Abin da ke raya su kawai shi ne mutane su ci gaba da yaɗa su.

To ta yaya rana take samun shiga kalanda?

Da sauƙi fiye da yadda ake zato. Tun 1957 ake buga wani kundi a Amurka mai suna Chase's Calendar of Events, wanda ke tattara ranaku da bukukuwa, 'yan jarida da masu shirye-shiryen rediyo suna leƙawa idan sun rasa abin cike fili. A 2013 wani mutum mai suna Marlo Anderson ya buɗe National Day Calendar a jihar Dakota ta Arewa, inda kamfanoni da ƙungiyoyi ke neman a sa musu rana. Akwai kuma John-Bryan Hopkins, mai shafin Foodimentary, wanda bai ɓoye ba: ya faɗa wa 'yan jarida cewa da ya tarar da ranakun da babu abinci a kansu, shi ya cike gurbin da kansa. Ke nan wata ranar da miliyoyi ke taya juna murna a kanta, mutum ɗaya ne ya yanke ta a gaban kwamfutarsa.

Ranar askirim ce ake yawan kafa hujja da ita cewa ai gwamnati ta san da zancen. Gaskiya ne, a 1984 majalisar dokokin Amurka ta zartar da ƙuduri, Shugaba Ronald Reagan ya ayyana watan Yuli a matsayin watan askirim, 15 ga watan kuma ranarsa. Sai dai sanarwar ta shekarar 1984 ce kaɗai. Masu sayar da madara da askirim ne suka riƙe ta gam, suka mai da ita Lahadi ta uku a kowane Yuli har yau.

Akwai wadda take da tushe na ƙwarai a cikinsu?

Ranar donat ta fi sauran abin faɗa. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙungiyar agaji ta Salvation Army ta tura mata 'yan sa kai zuwa Faransa, kusa da bakin daga, don su kula da sojojin Amurka. Gasa kek a irin wannan wuri ba ƙaramin aiki ba ne, ba tanda, ba kayan aiki. Amma akwai fulawa da sukari da mai. Sai suka kwaɓa, suka riƙa murza ƙullun da kwalba, suna yankawa suna jefawa a kaskon mai, sojoji na layi a cikin taɓo suna karɓa da zafinsa. Da aka shiga matsin tattalin arziki na shekarun 1930, reshen ƙungiyar da ke Chicago ya ƙirƙiro ranar donat a 1938, don tunawa da matan nan da kuma tara kuɗin ciyar da marasa galihu. Juma'ar farko ta watan Yuni ake yinta. Yanzu dai manyan shagunan donat ne suka fi cin moriyarta, su ba ka ɗaya kyauta, ka sayi abin sha ka haɗa.

Ke nan ba kullum kamfani ne ke ƙirƙiro ranar ba?

Ba kullum ba, amma ruwa ba ya tsami banza, a ƙarshe akasari hannunsu take komawa. Dubi Nutella, cakulan ɗin nan da ake shafawa a burodi. Wata Ba'amurkiya mazauniyar Italiya, Sara Rosso, ita ta fara ranar Nutella a 2007, wadda ake yi duk 5 ga Fabrairu, don kawai tana son abin. Ranar ta bunƙasa har lauyoyin kamfanin Ferrero mai yin Nutella suka aika mata takardar gargaɗi a 2013 cewa ta daina amfani da sunansu. Masoya suka yi ca, kamfanin ya janye, ya ma gode mata. A 2015 ta miƙa musu ranar baki ɗaya. Wato sun so kashe tallar da ake yi musu kyauta, sai daga baya suka farga.

Wasu kuma tun farko 'yan kasuwa ne suka zauna suka tsara. A Japan kamfanin Glico ya ɗauki 11 ga Nuwamba ranar Pocky, wani siririn biskit da ake tsoma wa cakulan, saboda 11/11 ya yi kama da guda huɗu a jere. A 1999 aka fara, shekara ta 11 a lissafin sarautar lokacin. Koriya ta Kudu ma na da irinta a wannan rana, ta Pepero. A Sweden, ƙungiyar da masu fulawa da yis da sukari suka kafa ita ta fito da ranar burodin kirfa, 4 ga Oktoba, ita ma a 1999, kuma ta karɓu sosai har ta zama kamar tsohuwar al'ada.

Kafin zamanin talla ba a ware wa kayan zaƙi rana?

Ana warewa, sai dai dalilin daban ne. A Poland akwai Alhamis ɗin da ke gab da azumin Kiristoci, ranar da ake dogon layi don sayen soyayyen ƙullu mai cike da jam, a Ingila kuma Talatar da ake soya wainar fulawa. Asalin duka biyun shi ne a cinye mai da ƙwai da sukarin da ke gida kafin azumi ya shigo. A daular Usmaniyya, ranar 15 ga Ramadan fadar Topkapi ke raba wa dakarun Sarkin tire-tire na wani kayan zaƙi da ake kira baklawa, su ɗauka a jere su ratsa Istanbul zuwa barikinsu. Waɗannan sun taso ne daga addini da mulki.

Me ya sa 7 ga Yuli ce ranar cakulan?

Ana cewa a ranar ce cakulan ya shiga Turai a 1550. Babu wata takardar tarihi da ta tabbatar da haka, kuma abu ne mai wuya a ce kaya irin wannan rana ɗaya ya shiga nahiya. Tarihinsa na gaskiya ya fi wannan daɗin ji. An samu burbushin koko a jikin tukwane a kudancin Ecuador da suka haura shekara 5,000. Mutanen Maya da Aztec a yankin Meziko sha suke yi, ba ci ba: su niƙa ƙwayar, su dama da ruwa, wani lokaci da barkono ko masara, su riƙa zubawa daga ƙwarya zuwa ƙwarya daga sama har ya yi kumfa. Ɗaci gare shi. Ƙwayar kuma kuɗi ce a kasuwanninsu, ana sayayya da ita ana biyan haraji.

Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, suka zuba masa sukari, ya zauna abin shan masu hali kusan shekara ɗari uku. Sandar cakulan da muka sani aikin injina ce. Kusan rabin ƙwayar koko mai ne. A 1828 gidan Van Houten a Holan suka samu lasisin mallakar fasahar injin matse man, ya rage gari a gefe, mai a gefe. A 1847 kamfanin Fry a Bristol ya gano cewa idan aka mayar da man cikin garin da sukari, ana samun ƙullun da za a zuba a mazubi ya daskare. A 1875 Daniel Peter a garin Vevey na Switzerland ya yi nasarar sa madara, da taimakon maƙwabcinsa Henri Nestlé mai sarrafa madarar jarirai. Matsalar da Peter ya daɗe yana fama da ita ita ce ruwan da ke cikin madara, don ruwa da man koko ba sa shiri. Sai a 1879 Rodolphe Lindt a Bern ya fito da injin da ke juya ƙullun sa'o'i masu yawa har tsakin ya mutu, ya zama mai narkewa a baki. Yau fiye da rabin kokon duniya daga Kodebuwa da Ghana yake fitowa, ƙasashen da bishiyar ba 'yar asalinsu ba ce.

Ana yawan cewa bisa kuskure aka gano wasu kayan zaƙin. Gaskiya ne?

Nan ne ya kamata mutum ya riƙa tauna labari kafin ya haɗiye. Labarin kuskure ya fi saurin shiga, shi ya sa masu talla ke sonsa.

Biskit mai ɗigon cakulan shi ne babban misali. Ana cewa Ruth Wakefield, mai gidan abinci na Toll House a Massachusetts, wai garin cakulan ne ya ƙare mata, ta gutsuttsura sanda ta zuba da zaton zai narke, bai narke ba. Alhali matar nan ta yi karatun girki da kimiyyar abinci, ta koyar, gidan abincinta ya yi suna a kan kayan zaƙi. Irinta ba za ta jahilci yadda cakulan ke yi a tanda ba. Ita da bakinta ta ce sabon abu take son ba baƙinta. A 1938 girkin ya fito a littafinta, ba da jimawa ba kamfanin Nestlé ya ƙulla yarjejeniya da ita ya riƙa buga shi a jikin kayansa. A ganina kiran wannan kuskure tauye wa matar haƙƙi ne.

Ramin tsakiyar donat, wani matuƙin jirgin ruwa daga Maine, Hanson Gregory, ya ce shi ya fara huda shi a 1847 yana matashi, amma sai a 1916, yana tsoho, ya ba jarida labarin. Dalilin da ya bayar dai na hankali ne: ƙullu mai kauri gefensa ke soyuwa ya bar tsakiya ɗanye. Ƙanƙara mai tsinke ta Popsicle, Frank Epperson ya ce yana ɗan shekara 11 a 1905 ya manta kofin abin sha da tsinken juyawa a waje cikin dare mai sanyi. Shaidar labarin shi kaɗai ne, lasisin kuma sai 1924 ya samu. Mazubin askirim na biskit da ake haɗawa a cinye, mutane da dama sun yi iƙirarin su suka ƙirƙiro shi a baje kolin St. Louis na 1904, alhali Italo Marchiony ya riga ya samu lasisin mazubin da ake ci a New York a 1903, kuma wata marubuciyar girki a Ingila, Agnes Marshall, ta ambaci irinsa tun 1888.

A wannan baje kolin ne dai alewar auduga ta yi suna. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙera injinta a Nashville a 1897, William Morrison, likitan haƙori ne.

Askirim fa, matafiyin nan ɗan Italiya Marco Polo ne ya kawo shi Turai daga Sin?

Babu hujja. Shan abu mai sanyi da ƙanƙarar dutse tsoho ne a Farisa da Sin da Rum, amma daskarar da madara sai da aka san dabarar zuba gishiri a ƙanƙara, wanda ke sa sanyinta ya sauka ƙasa da sifiri sosai, ya daskarar da abin da aka nutsa a ciki. A ƙarni na 17 aka fara ganin girke-girkensa a rubuce a Naples da Faransa. Nancy Johnson ta samu lasisin injin juyawa da hannu a 1843, Jacob Fussell, ɗan kasuwar madara na Baltimore, ya fara yinsa da yawa don sayarwa a 1851, saboda kirim ɗin da ke yi masa kwantai.

Me ya sa kusan duk labaran nan ƙarni na 19 suke komawa?

Sukari ne ya yi araha. Rake a tsibirin New Guinea aka fara nomansa, a Indiya aka koyi dafa ruwansa ya zama ƙwaya, Farisawa da Larabawa suka yaɗa shi zuwa gaɓar Bahar Rum. A Turai ya daɗe yana zaman magani da kayan ƙamshi, mai tsada. Abin da ya karya farashinsa da farko shi ne gonakin rake na Brazil da tsibiran Caribbean, waɗanda aka noma da gumin miliyoyin 'yan Afirka da aka kwasa bauta. Sannan a 1747 Andreas Marggraf a Berlin ya nuna akwai sukari a cikin gwozar Turawa, almajirinsa Franz Achard ya kafa masana'antar farko a farkon shekarun 1800, yaƙe-yaƙen Napoleon da suka toshe hanyar teku suka sa Faransa ta rungumi nomanta.

Ƙarancin kaya ma ya haifi nasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu koko ya yi wuya a Italiya, sai Pietro Ferrero a garin Alba ya haɗa ɗan kokon da ya samu da ƙwayar hazel da ta wadata a yankin Piedmont, dabarar da masu alewar Turin suka daɗe suna yi. A 1946 a dunƙule yake sayar da shi ana yankawa da wuƙa, a 1951 aka sassauta shi ya zama na shafawa, ɗansa Michele ya gyara haɗin ya raɗa masa suna Nutella a 1964.