Aikin Jinyar Masu Taɓin Hankali a Najeriya: Yanayin Aiki da Ƙarancin Ma'aikata

Jinyar masu taɓin hankali reshe ne na aikin jinya da ya keɓanta da kula da mutanen da lalurar ƙwaƙwalwa ta taɓa tunaninsu, ko halayensu, ko zamansu da jama'a. A Najeriya, mai wannan aiki ma'aikacin jinya ne da ya samu rajista daga Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, sannan ya samu horo na musamman a fannin. A Zariya da sauran ƙasar Hausa "nas" ake ce masa, mace kuma "sista". Abin da ya bambanta shi da takwaransa na ɗakin tiyata ko ɗakin haihuwa shi ne, babban kayan aikinsa ba na'ura ba ce, lokacinsa ne da kunnensa da haƙurinsa. Saboda haka ƙarancin ma'aikata a wannan fanni ba ya tsayawa ga rage saurin aiki, yana sauya aikin ne gaba ɗaya, ya mayar da jinya gadi.

Asalin aikin

Kafin zuwan asibitin zamani, al'ummar Hausawa na da hanyoyinta: ruƙiyya da rubutu a wajen malamai, magungunan gargajiya, girka a wajen 'yan bori, da kuma turu ko mari ga wanda ake tsoron ɓarnarsa. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidajen tsare masu taɓin hankali a Kalaba a 1904 da Yaba ta Legas a 1907, suka kafa dokar da ta shafe su a 1916, wadda aka sabunta a 1958. Manufar waɗannan gidaje killacewa ce, masu kula da su kuwa sun fi kama da gandirobobi.

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin a shekarun 1950. Na farko shi ne gano amfanin maganin kuloforomazin a Faransa a 1952, wanda ya sa aka samu damar kwantar da hankalin mara lafiya ba da sarƙa ba. Na biyu shi ne tsarin da Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da shi a Aro ta Abeokuta a 1954, inda mara lafiya ke zama tare da ɗan'uwansa a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, yana zuwa karɓar magani da rana, ma'aikatan jinya kuma suna bin sawunsa. Tun daga wannan lokaci aka gane cewa nas ne ginshiƙin kulawar, domin likita zuwa yake ya duba ya tafi, nas kuwa shi ke wuni ya kwana da mara lafiya.

Horo da wuraren aiki

Hanyar da aka fi bi ita ce mutum ya yi shekara 3 a makarantar koyon aikin jinya, ko shekara 5 a jami'a, sannan ya ƙara kwas na ƙwarewa da aka saba yi cikin wata 18 a makarantun da ke jingine da asibitocin ƙwaƙwalwa. Gwamnatin Tarayya ta daɗe tana da irin waɗannan asibitoci guda takwas: a Yaba, Aro, Benin, Inugu, Kalaba, Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Akwai kuma asibitin Dawanau a Kano. Mutumin Zariya yana da mafita biyu mafi kusa: sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80. Ba mutanen birni da Sabon Gari da Samaru kaɗai ke dogaro da su ba. Daga Giwa da Soba da Maƙarfi da Ikara, har da wasu sassan Jihar Katsina, nan ake nufa.

Yadda aikin yake a ɗakin marasa lafiya

Galibi ana raba aiki gida uku: safe, rana da dare, na dare kuma shi ya fi tsawo. Kowane zango yana farawa da miƙa aiki, inda mai sauka zai bi gado-gado yana sanar da mai hawa wanda bai yi barci ba, wanda ya ƙi abinci, wanda ya ce yana jin muryoyi, da wanda ya ambaci mutuwa. Ana ƙirga marasa lafiya, ana ƙirga cokula da duk wani abu mai kaifi, ana duba makullin ma'ajiyar magani.

Ba da magani a nan ba miƙa ƙwaya ba ne kawai. Mara lafiyar da ke ganin ƙalau yake, ko yake zargin an haɗa baki da danginsa za a sa masa guba, yakan ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe ya tofar daga baya. Sai nas ta zauna kusa da dattijo, ta sassauta murya ta ce, "Baba, ga maganinka, a daure a sha, ina nan tare da kai." Ya kau da kai ya ce, "'Yata, ni ba abin da ke damuna, ku dai ku sallame ni in koma gida." Wannan 'yar magana na iya cin rabin sa'a kafin ya yarda, kuma rabin sa'ar nan ita ce jinyar. Bayan haka sai lura da illolin maganin, domin haloferidol da ire-irensa kan jawo sandarewar wuya, karkarwar hannu da dalalar miyau, wanda in ba a gano da wuri ba iyali za su ɗauka ciwon ne ya ƙaru, ko su ce aljanu ne suka motsa, su nemi a ba su ɗan'uwansu su tafi. Akwai kuma shirya wanda za a yi wa jinyar lantarki, wato ratsa ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki don magani, da allurar wata-wata ga waɗanda aka sallama, da yi wa masu jinya bayani, da rubuta rahoton kowane mutum.

Mafi nauyin duka shi ne sa ido na kusa. Wanda ake tsoron zai kashe kansa, ƙa'idar aikin ita ce a keɓe masa ma'aikaci ɗaya da ba zai ɗauke ido daga kansa ba, har a hanyar bayan gida. A nan ne ƙarancin ma'aikata ke fitowa fili. In nas biyu ne kaɗai ke aikin dare a ɗaki cike, aka kawo sabon mara lafiya yana fizge-fizge da ƙarfe biyun dare, wutar lantarki ta ɗauke, ana haskawa da fitilar waya, to ɗaya zai tafi wajen sabon, ɗaya ya riƙe sauran ɗakin, shi kuwa wanda ya kamata a tsare ya koma hannun ƙaninsa da ke gyangyaɗi a kan tabarma. Ba sakaci ba ne. Hannu biyu ba sa ɗaukar abin da ya fi ƙarfin shida.

Haɗari da ƙyama

Ya kamata a faɗi a fili cewa mafi yawan masu lalurar ƙwaƙwalwa ba sa dukan kowa, sun ma fi zama waɗanda ake cutarwa. Duk da haka, ɗakin da ake kwantar da masu ciwo mai tsanani wuri ne da zagi da tofi da mari da cizo ke aukuwa, kuma nas ne mafi kusa da hannu. Riƙe mutumin da ya birkice ba tare da an ji masa rauni ba aiki ne na mutane da dama waɗanda aka horar, kowa da gaɓar da zai kama. Idan babu su, abin da ya rage shi ne allurar barci mai ƙarfi ko ɗaurewa a gado, kuma ma'aikacin da ya shiga aikin don ya raba mutane da sarƙa yakan koma gida da nauyin wannan a zuciyarsa.

Shaye-shaye ya ƙara wa aikin nauyi. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Matashin da ke janyewa daga tiramadol ko kodin buƙatarsa daban ce da ta tsohon da ya rikice ko matar da hankalinta ya taɓu bayan haihuwa, amma ƙarancin gado da ma'aikata kan tilasta a haɗa masu buƙatu daban-daban ƙarƙashin kulawar mutum ɗaya.

Sai ƙyamar da ke bin ma'aikacin har gida. Jama'a na kiran wurin aikinsa "asibitin mahaukata", ana kuma yawan cewa wanda ya daɗe a cikinsu sai ya ɗan taɓu. Wannan magana ba ta da tushe, amma tana da tasiri: tana sa iyaye su hana 'yarsu zaɓar fannin, su ce ta yi ungozoma, aikin da ake gani da daraja kuma ake samun alherinsa a unguwa. Gajiyar zuciya da ke biyo bayan wannan duka abu ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2019 a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa. Alamominta su ne ƙarewar ƙarfi, sanyin jiki game da aikin, da raguwar ƙwazo.

Dalilan ƙarancin ma'aikata

Tushen farko shi ne kuɗi. A Abuja aka yi alƙawarin 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin Gwamnatin Tarayya ya daɗe yana ƙasa da rabin wannan, lafiyar ƙwaƙwalwa kuma ɗan abin da ya rage take samu. Ma'aikaci kan yi ritaya ko ya rasu, a shafe lokaci mai tsawo ba a maye gurbinsa ba, saboda ɗaukar ma'aikata a asibitin gwamnati sai da izini daga sama. Abin takaici shi ne ana wannan ƙaranci alhali akwai matasa masu takardar aikin jinya da ke zaune ba aiki, ko suke aiki a ƙananan asibitoci masu zaman kansu a kan albashin da bai taka kara ya karya ba.

Na biyu shi ne ci-rani. A Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Aikin Jinya, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Birtaniya da Amurka da Kanada da Saudiyya na cikin ƙasashen da ake nufa. Najeriya na cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 bai kamata a riƙa zuwa ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu ba, sai dai jerin bai hana mutum neman aiki da kansa ba. A Fabrairun 2024 ɗin Hukumar Aikin Jinya ta fito da sharaɗin sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas. Hujjarsu ita ce a gyara abin da ke korar mutane kafin a rufe ƙofa. Asarar ta fi ciwo a fannin ƙwaƙwalwa, domin wanda ya tafi yakan tafi da abin da ba a koya a aji: iya gane daga tafiyar mutum ko shirunsa cewa rikici na tafe, da iya kashe wutar da magana tun ba ta kama ba. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, don haka kowane giɓi kan nas yake faɗawa.

Albashi da alawus

Ma'aikatan jinya na tarayya suna karɓar albashi ne bisa tsarin CONHESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya na Gwamnatin Tarayya. Alawus na haɗari ya shafe shekaru masu yawa a kan naira 5,000 a wata, sai a Disambar 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin naira 15,000 da 34,000, ƙarin da tsadar rayuwa ta cinye cikin ɗan lokaci. A ƙarshen Yulin 2025 reshen asibitocin tarayya na ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa (NANNM) ya shiga yajin aikin gargaɗi, yana neman a ƙara alawus na aikin karɓa-karɓa da na kayan sawa, a ba ma'aikatan jinya tsarin albashi nasu, a kuma ɗauki sababbi masu yawa. An janye yajin bayan 'yan kwanaki sakamakon zama da gwamnati. Yajin aiki a wannan fanni na da nasa zafin, domin wanda magani ya yanke masa ciwon kan dawo, a koma farko.

Sabuwar doka da abin da take buƙata

A ƙarshen 2019 jami'an tsaro sun kai samame gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina da Zariya, aka fito da mutane da sarƙoƙi a ƙafa, cikinsu har da masu shaye-shaye da masu taɓin hankali. Mafi yawan iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rashin wata ƙofa ce mai sauƙin kuɗi da kusanci. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda ta maye gurbin ta 1958. Dokar ta tanadi haƙƙin mara lafiya, ta sa sharuɗɗa kan kwantar da mutum ba da yardarsa ba, ta taƙaita ɗaurewa da killacewa, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun tallafa wa fannin.

Kowane ɗaya daga waɗannan tanade-tanade yana buƙatar mutum a bakin gado. Ba a rage ɗaurewa sai da wanda zai zauna ya lallashi, ba a neman yardar mara lafiya sai da wanda ke da lokacin yin bayani. Tun 1991 manufar ƙasa ta ce a shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya matakin farko, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 kuma ya nuna yadda za a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gano ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, su ba da maganin farko. Amma masu horar da su da bibiyar aikinsu su ne dai ƙwararrun ma'aikatan jinyar da ake ƙarancinsu. Har yanzu iyalin da ke wani ƙauyen Soba ko Giwa sai sun haɗa kuɗin mota na mutum biyu ko uku kowane wata don allura guda, kuma a watan da damina ta riƙe su a gona ko aljihu ya gaza, allurar kan wuce.